Manyan Mutanen Samowa

Samowa waɗansu tsibirai ne a tsakiyar Tekun Fasifik, manya daga cikinsu su ne Upolu da Savai'i, babban birninsu kuwa Apiya. Mutanen ƙasar ba su fi dubu 200 da kaɗan ba, amma sunansu ya kai nesa. Wanda ya ke so ya san dalili sai ya duba yadda su ka sha wuya a hannun Turawa, da irin shugabannin da wuyar nan ta fitar.

A 1899 Jamus da Amurka su ka raba tsibiran, Jamus ta ɗauki na yamma, Amurka ta ɗauki na gabas. Mutanen Samowa kuwa su na da nasu tsarin sarauta tun kaka da kakanni. Kowane dangi ya na da shugaba, wanda a ke kira matai, akwai kuma masu magana da yawun sarakuna, watau tulafale. Wani daga cikin waɗannan, Lauaki Namulau'ulu Mamoe na Savai'i, shi ya fara tsaya wa Jamusawa a 1908, don sun so su rage ikon sarakunan gargajiya. Da su ka ga jama'a ta na binsa, sai su ka kai shi tsibirin Saipan a 1909. Bai sake ganin garinsu ba, ya rasu a hanyar komowa a 1915.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a 1914, sojan Niyu Zilan su ka ƙwace ƙasar. A watan Nuwamba 1918 wani jirgin ruwa mai suna Talune ya iso Apiya da marasa lafiya, hukuma ta bar su su ka sauka. Annobar mura ta bazu, ta kashe wajen mutum ɗaya cikin biyar. A tsibiran gabas kuwa, inda a ka hana jirage shiga, ko mutum ɗaya bai mutu ba. Wannan abu ya tsaya wa mutane a rai ƙwarai.

Daga nan ƙungiyar da a ke kira Mau ta yi ƙarfi. Cikin shugabanninta akwai Olaf Frederick Nelson, wani attajiri wanda ubansa mutumin Suwidin ne, uwarsa kuwa 'yar ƙasa. Mutanen Mau ba su ɗauki makami ba. Sun ƙi biyan haraji, sun ƙi bin umurnin ma'aikatan gwamnati, su na ta aika kukansu ƙasashen waje. A 1928 a ka kori Nelson daga ƙasar, shugabanci ya koma hannun wani babban sarki, Tupua Tamasese Lealofi III.

Ran Asabar 28 ga Disamba 1929, jama'ar Mau su na jerin gwano cikin Apiya, sai rigima ta tashi, 'yan sanda su ka buɗe wuta. Tamasese ya shiga gaba ya na kira a kwantar da hankali, harsashi ya same shi. Mutum wajen goma su ka halaka. Kafin ya cika ya bar wasiyya kada a rama jininsa, a riƙe zaman lafiya. Mutanensa su ka riƙe wasiyyar nan, mahakurci kuwa mawadaci ne.

Ran 1 ga Janairu 1962 Samowa ta Yamma ta sami mulkin kai, ita ce ta fari cikin tsibiran Fasifik a ƙarni na 20. A ka naɗa sarakuna biyu su shugabanci ƙasa tare: Tupua Tamasese Mea'ole, ɗan'uwan wanda a ka harbe, da Malietoa Tanumafili II, wanda ya riƙe muƙamin har rasuwarsa a 2007. Firayim Minista na fari shi ne Fiame Mata'afa Faumuina Mulinu'u II. 'Yarsa, Fiame Naomi Mata'afa, ita ce mace ta fari da ta hau kujerar nan, a 2021. A 2002 kuwa Firayim Ministar Niyu Zilan, Helen Clark, ta zo Apiya ta nemi gafara game da annobar da harbin.

Bayan mulkin kai mutanen Samowa da yawa su ka tafi neman ilmi da aiki a Niyu Zilan da Ostareliya da Amurka. Albert Wendt, wanda a ka haifa a Apiya a 1939, ya rubuta halin waɗannan baƙi cikin littafinsa Sons for the Return Home, na 1973. A 2011 Tusi Tamasese ya fitar da O Le Tulafale, babban fim na fari cikin harshen Samowa, labarin wani wada da ya nemi a ji muryarsa a gaban sarakuna.

Wajen wasanni ma ba a bar su a baya ba. A gasar duniya ta ƙwallon zari-ruga ta 1991, ƙungiyarsu, bisa jagorancin Peter Fatialofa, ta ci Wales 16 da 13 a birnin Kadif, duniya ta yi mamaki. David Tua, ɗan dambe, ya samo wa Niyu Zilan lambar tagulla a wasannin Olimfik na 1992, a shekara ta 2000 kuma ya kara da Lennox Lewis don neman kambin duniya, amma bai yi nasara ba. Ele Opeloge, mai ɗaga ƙarfe, ta zo ta huɗu a Beijin a 2008. Bayan shekaru a ka gane biyu cikin waɗanda su ka wuce ta sun sha ƙwayoyin ƙara kuzari, sai a ka ba ta lambar azurfa. Ita ce lambar Olimfik ta fari da Samowa ta samu.