Gida a Gangare: Amsoshi Biyu Daga Ƙasar Faransa

A yau idan aka ba magini fili mai gangare, abu na farko da yakan nema shi ne katafila, domin ta rushe tudu ta cike kwari, fili ya zama bai ɗaya. Amma tarihin gine-gine ya nuna akwai wata hanya. Cikin shekarun 1950 an yi gine-gine biyu a Faransa, ɗaya kusa da Paris, ɗaya kusa da Liyon, waɗanda har yanzu masu koyon zanen gidaje suke zuwa kallonsu saboda yadda suka zauna da gangare lafiya.

Na farko yana ƙauyen Bazoches-sur-Guyonne, wajen kilomita 40 kudu maso yamma da Paris. A nan wani attajiri mai cinikin zane-zane, Louis Carré, ya sayi fili a gefen tudu. A shekarar 1956 ya ɗora wa Alvar Aalto, mashahurin mai zanen gidaje na ƙasar Finlan, nauyin tsara masa gida, aka kuwa gama ginin a 1959. Shi ne kaɗai ginin Aalto da ke tsaye a Faransa.

Dabarar Aalto ita ce ya bar ƙasa ta yi masa jagora. Ya yi wa gidan rufi guda mai jirkicewa, wanda yake saukowa kamar yadda tudun yake saukowa. Yawancin ɗakunan suna ƙasa, in ban da ɗan ƙaramin bene. Baƙo yakan fara shiga wani babban zaure mai rufin katako da aka lanƙwasa kamar igiyar ruwa, sa'an nan ya bi matakala masu faɗi ya gangara zuwa falo, watau har a cikin gida ƙafarsa tana bin gangaren da ke waje. A farfajiya kuma an yanka ƙasa hawa-hawa, aka tokare ta da itace, ciyawa ta rufe ta.

Na biyu kuwa yana Éveux, kimanin kilomita 25 arewa maso yamma da Liyon. Shi ba gidan iyali ba ne, mazauni ne na limaman Kirista 'yan ɗariƙar Dominik, ana kiransa La Tourette. Le Corbusier ne ya zana shi, aka buɗe shi a 1960. Shi wannan gwani bai bi gangare ba, bai kuma taɓa shi da yawa ba. Daga sama ya fara lissafi: ya daidaita rufin a miƙe, sa'an nan ya sauko da ginshiƙan kankare, wasu gajeru wasu dogaye, kowanne gwargwadon nisan ƙasa daga inda yake. Ta haka tudun ya ci gaba da gangarawa a ƙarƙashin wani sashe na ginin. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya.

To, ga amsoshi biyu: Aalto ya kwantar da gida a jikin tudu, Le Corbusier ya ɗaga shi bisa ƙafafu. Duk da wannan bambanci sun haɗu a kan abu guda, ba wanda ya ɗauki gangare a matsayin aibin da za a kawar.

Wannan magana ta wuce batun ado. Ruwan sama yana da hanyarsa tun kafin zuwan magini. In an yanke tudu an toshe ta, sai ya nemi wata, ko ta gindin bango, ko ta gidan maƙwabci. Ƙasar da aka cike kwari da ita kuma takan zauna a hankali, bango ya tsage. Mutanen garuruwan da zaizayar ƙasa take cin unguwanni duk damina sun san tsadar wannan.

Rumbun Bahaushe ma a kan duwatsu ake ɗora shi, don ruwa ya wuce ta ƙarƙashi, hatsi ya tsira. Hausawa sun ce kowa ya daɗe ya ga daɗau. Gine-ginen nan biyu sun haura shekara 60 suna tsaye, tudunsu ma yana nan yadda aka same shi.