Tarihin Liza Minnelli, 'yar fim ɗin da ake dangantawa da Eloise

An haifi Liza Minnelli ne ranar 12 ga watan Maris na 1946 a birnin Los Angeles na ƙasar Amurka. Mahaifiyarta ita ce shahararriyar mawaƙiya kuma 'yar fim Judy Garland, mahaifinta kuwa shi ne mai ba da umarni a fina-finai, Vincente Minnelli.

Tana da shekara uku ta fara fitowa a fim, tare da mahaifiyarta, a 1949. Auren iyayen nata ya mutu a 1951.

Daga nan ta taso ba ta da mazauni ɗaya, tana bin mahaifiyarta daga wannan otal zuwa wancan, yayin da uwar ke fama da bashi da kuma shan ƙwayoyi.

Littafin Eloise

A 1955 ne Kay Thompson, wadda ta taɓa horar da Judy Garland a fannin waƙa a kamfanin MGM, ta wallafa littafin yara mai suna Eloise, Hilary Knight kuma ya zana hotunansa.

Littafin na ba da labarin wata yarinya ce 'yar shekara shida, mai ƙiriniya, da ke zaune a otal ɗin Plaza na birnin New York tare da mai rainonta da karenta da kuma kunkurunta. Mahaifiyarta kullum tana kan tafiya.

Kay Thompson aminiyar Judy Garland ce, kuma ta zame wa Liza tamkar uwa. Wannan ne ya sa jama'a da dama suka yi imanin cewa Liza ce aka kwaikwaya a labarin, kodayake marubuciyar ta sha cewa ita da kanta ce Eloise.

Abin da ya zama raha a littafin, wato yarinya a otal babu uwa a kusa, a rayuwar Liza nauyi ne, domin tun tana ƙarama ta riƙa ɗawainiya da mahaifiyarta.

Ɗaukaka da jarrabawa

Tana da shekara 19 ta samu lambar yabo ta Tony a 1965, saboda rawar da ta taka a wasan dandamali na Flora the Red Menace.

Mahaifiyarta ta rasu a London a 1969 tana da shekara 47, sakamakon shan maganin barci fiye da ƙima.

A 1973 Liza ta lashe kyautar Oscar saboda fim ɗin Cabaret, ta kuma samu ta Emmy a wannan shekarar.

Sai dai ita ma ta faɗa cikin matsalar barasa da ƙwayoyi, lamarin da ya kai ta cibiyar Betty Ford neman magani a 1984. Ta yi aure sau huɗu, duka kuma sun mutu.

A 2000 ta kamu da cutar kumburin ƙwaƙwalwa, amma ta murmure ta koma fagen wasa.

Zumuncinta da Kay Thompson bai yanke ba. Da tsufa ya cim ma marubuciyar, Liza ce ta ba ta masauki a gidanta da ke New York, har zuwa rasuwarta a 1998.