Guzurin Gabas: Lissafin Iyalin da Ke Tashi Zuwa Makka a Ƙafa

Kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai daga Kano, talakan da ya yi niyyar Hajji ƙaura yake yi. Magidanci ya tattara matansa da 'ya'yansa, wani lokaci har da tsohuwarsa, a ɗaure tukwane da taburmi a bayan jaki, a fuskanci gabas. Tsakanin Kano da bakin Bahar Maliya akwai fiye da kilomita 3,000, kuma babu wanda ke sa ranar dawowa. Shi ya sa lissafin tafiyar yake farawa daga abin da za a bari. Sai an biya bashi, an mayar da ajiyar mutane, an yi wasiyya, an bi dangi da maƙwabta ana neman gafara. Gona kuwa ko a sayar, ko a jinginar, ko a bar wa ƙane ya riƙa nomawa.

Matsala ta gaba ita ce kuɗin kansu. Wuri ake kashewa a ƙasar Hausa, ga shi da nauyin tsiya. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa wuri 50,000 zuwa 60,000 kan riƙe iyali shekara guda, har da sutura. Keso ɗaya wuri 20,000 ne, kaya guda cur a kan mutum, ke nan cefanen shekara ɗaya kaɗai keso uku ne. Da an yi nisa cikin gabas kuma wuri ya daina ci. A lokacin ana canja wuri 2,500 da riyal ɗaya na azurfa, irin mai hoton Mariya Taresa ta Ostiriya, wanda ke ci daga Barno har Hijaz. Keso ukun nan sai su koma riyal 24, a ɗinke su cikin ɗamara. Wanda bai samu riyal ba yakan zuba dukiyarsa a abin da ke da kasuwa a gaba: baƙin rini na Kura, turkuɗi, jar fata, goro, ko dabbar da za ta kai kanta da ƙafarta. Masu hali kuwa, kuma wannan ɓangaren tarihin babu daɗin ji, har bayi suke tafiya da su suna sayarwa a hanya, wasu ma a can Hijaz, inda ba a haramta bauta ba sai a 1962.

Guzurin baki aikin mata ne: garin gero, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, kanwa, ƙuli-ƙuli, dakuwa. Duk yawansa bai wuce 'yan makonni.

Saboda haka jarin gaske sana'a ce, kuma fikihu ya ba da ƙofa. A mazhabar Malikiyya ba a sharɗanta wa mai niyya ya mallaki abin hawa da guzurin tafiya gaba ɗaya ba. Wanda ke da lafiyar takawa, yana kuma da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ya shiga cikin masu iko. Wanzami ya rataya zabirarsa, baduku ya ɗauki basillarsa, malami ya kama allo da tawada, mahauci kuwa wuƙarsa ta ishe shi. Matan su soya ƙosai, su yi kitso, su kaɗa zare. Gasasshen naman da ake kira agashe, wanda ya shahara a Khartum da Wad Madani, Hausawan wannan hanya ne suka kai shi. Idan aka duba da kyau, yawan iyali a nan riba ne, domin kowane hannu yana kawo wani abu zango.

Yanayi ne ke tsara tafiyar. Ana tashi bayan kaka, lokacin da hatsi ya yi araha, hanya ta bushe. A bi ta Barno, a haye Shari da Logone a wajen Kusuri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, a nufi Abeshe a ƙasar Wadai, a shiga Darfur ta Janaina, sai Fashir ko Nyala, sai Al-Ubayyid. Inda damina ta riske ayari nan ake yada zango. Maigida ya je gaishe da mai gari, a ara masa gona, ya noma, ya girbe, ya sayar da rabi, ya ɗaure rabi a bayan jaki. Shekara guda ta tafi ke nan. A tsakani ga kuɗin fito a bakin kogi, ga gaisuwar sarakuna, ga rabon madugu, ga ɓarayi, ga jakin da zai mutu a tsakiyar daji. Haihuwa da suna da aure da jana'iza duk a hanya suke samun mutane, kowanne da nasa kashe kuɗin.

Ƙaura mafi girma ta zo ne a 1903. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, jama'a suka yi ta barin garuruwansu suna bin sa. An kashe shi a yaƙin Burmi cikin watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da ake kira Mai Wurno har gobe. Garin ya zama masaukin masu zuwa daga baya: a samu mai jin harshenka, a samu gona, a samu labarin abin da ke gaba.

Daga nan lissafin ya sake fasali. Layin dogo ya isa Al-Ubayyid wajen 1912, ya rage tafiyar ƙafa, amma jirgin ƙasa tsabar kuɗi yake so, haka jirgin ruwan da ke ƙetarawa daga Sawakin zuwa Jidda, haka takardun fita da zaman killace masu cuta. Sai ga madatsar ruwa ta Sinnar an gama ta a 1925, gonakin auduga na Jazira suka buɗe, suna neman hannaye ido rufe. Mutanen yamma, waɗanda Sudaniyawa ke kira Fallata ko Takarir, suka cika su. Iyali kan yi niyyar tsinkar auduga kaka ɗaya ko biyu su tara kuɗin jirgi. Wasu sun tara sun wuce. Wasu kuma bashin cin rani ya riƙa cinye amfanin tun yana gona, 'ya'ya suka girma, aka yi surukai. Masanin nan ɗan Gana, C. Bawa Yamba, ya zauna da irin waɗannan Hausawa a ƙauyukan Jazira, ya tarar da jikoki da tattaɓa kunne waɗanda a Sudan aka haife su, amma suna kiran kansu matafiya Makka.

A ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano, ciki har da Alhaji Mahmud Dantata, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, wadda sunanta ya zauna a kan kasuwar canji ta Fagge. Motoci suka mayar da tafiyar shekaru ta watanni, jirgin sama ya mayar da ita ta sa'o'i. Gwamnatin Arewa ta kafa hukumar jin daɗin alhazai a 1965, ta tarayya ta biyo baya a 1975, sai NAHCON a 2006. Yanzu kuɗin kujera a dunƙule ake biyan su kafin a tashi, mutum ɗaya ko biyu ke tafiya daga gida, sauran iyali su tsaya a filin jirgi suna cewa Allah ya karɓi ibada.