Rangajin Kiɗa da Tsarin Yatsu a Jitar Bas: Nazari daga Treichville da Adjamé

Tsakure

Maƙalar ta duba dangantakar da ke tsakanin rangaji, wato abin da makaɗan jaz ke kira suwin, da yadda makaɗin jitar bas ke jera yatsunsa. Ta dogara ga lissafin tsawon wuyan jita da sakamakon binciken da aka riga aka wallafa kan rabon bugu, sannan ta auna su da kiɗan Abidjan. Matsayinta shi ne yatsan da aka zaɓa shi ke yanke tsawon sauti, tsawon sauti kuma shi ne rangajin.

Gabatarwa

Bahaushe ba baƙo ba ne a Adjamé da Treichville. Yana cikin kasuwa, yana tashar mota, kuma garba, abincin nan na aceke da soyayyen kifi da ya cika rumfunan birnin, ana danganta sunansa da ’yan Nijar masu sayar da shi. Duk wanda ya zauna a waɗannan unguwanni kunnensa ya sha kiɗa ko bai nema ba. Tun shekarun 1970 Abidjan ta zama matattarar makaɗan Afirka: Manu Dibango da Boncana Maïga duk sun jagoranci makaɗan gidan rediyo da talabijin na Kwaddibuwa. A 1977 Ernesto Djédjé ya naɗi faifan Ziboté a Legas, ya ɗora kiɗan ƙabilar Bété a kan jita da bas, salon ziglibithy ya bazu. A 1986 Alpha Blondy ya naɗi Jerusalem a Jamaika tare da The Wailers, ƙungiyar da Aston Barrett ke riƙe mata bas a lokacin. Daga baya zouglou ya fito daga ɗakunan ɗalibai na Yopougon, sannan coupé-décalé ya biyo. Makaɗin bas da ke neman aiki a dandalin Palais de la Culture na Treichville ko a wuraren shaƙatawar unguwar dole hannunsa ya san dukan waɗannan, kowanne da irin rausayarsa.

Rangaji a ma’auni

A takarda ana yawan rubuta rangaji a matsayin bugu ɗaya da aka raba uku, sautin farko ya ci biyu, na bayansa ya ci ɗaya. Idan ana bugu 120 a minti, bugu guda milisakan 500 ne, dogon sauti ya samu 333, gajere 167. Sai dai makaɗa ba haka suke yi ba. Anders Friberg da Andreas Sundström, a binciken da suka wallafa a 2002, sun auna bugun masu gangar jaz suka tarar rabon yana kaiwa wajen 3.5 da 1 idan kiɗa na tafiya a hankali, yana kuma kusantar 1 da 1 idan ya yi sauri, alhali gajeren sautin yana tsayawa kusa da milisakan 100 a matsakaici da saurin kiɗa. Rainer Polak ya nuna a 2010 cewa makaɗan jembe na Bamako ma ba sa raba bugu daidai wa daida, kuma wannan rashin daidaiton tsayayyen tsari ne da suke maimaitawa ba kuskure.

Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. Wanda ya tsaya kusa da mai kalangu ya san akwai ɗan ɗingishin da ke cikin kiɗan, wanda idan aka miƙe shi ’yan rawa za su tsaya cak. A ganina, koyar da rangaji daga takarda kaɗai zalunci ne ga ɗalibi, domin ana ba shi lamba ɗaya a wurin da kunne ke buƙatar lambobi da yawa.

Wuyan jita da tafin hannu

Jitar Fender Precision ta 1951 ta kafa tsawon da aka saba da shi, milimita 864 daga kan wuya zuwa gadar da ke riƙe tsirkiya. Tsirkiyoyin huɗu ne, da sunayen da ake kiransu a Abidjan: Mi, La, Ré, Sol. Lissafi ya nuna daga gaɓa ta 1 zuwa ta 4 akwai kimanin milimita 130, daga ta 5 zuwa ta 8 akwai 103, daga ta 9 zuwa ta 12 kuwa 82 ne kacal. Saboda haka ƙa’idar nan ta kowane yatsa da gaɓarsa tana da daɗi a tsakiyar wuya, amma a can sama kusa da kai tana ɗaure jijiyar hannu. A nan tsarin Franz Simandl, malamin babban gogen bas na Vienna a ƙarni na 19, ya fi dacewa: manuni, yatsan tsakiya da ƙaramin yatsa su rufe gaɓa uku, yatsan zobe ya tallafa wa ƙaramin.

Ɗauki layi mai sauti huɗu, Sol, Si, Ré, Mi. Sol yana gaɓa ta 3 a tsirkiyar Mi, Si yana gaɓa ta 2 a tsirkiyar La, Ré yana ta 5 a wannan tsirkiyar. Tsakanin Si da Ré milimita 122 ne. Ɗalibi mai ƙaramin hannu zai saki Si tun lokacinsa bai cika ba don ya kai ƙaramin yatsa kan Ré. Ya buga sautin daidai, ya faɗa kan bugu daidai, amma ɗan giɓin nan da ya bari ya riga ya kashe rangajin, kuma mai ganga zai ɗago kai ya dube shi. Mafita biyu ce. Ko ya kaɗa Ré a buɗaɗɗiyar tsirkiya, hannun hagu ya samu sararin tafiya, da sharaɗin ya danne ta da zarar Mi ya shigo don kada ta yi ta gunji a ƙarƙashi. Ko kuma ya zame hannun gaba ɗaya a ƙarshen dogon sauti, inda lokaci ke da yalwa. Abin da ya fi wuya shi ne sauya mazauni a cikin gajeren sauti mai milisakan 100.

Hannun dama ma haka. Sauya manuni da yatsan tsakiya bi da bi yana ba da daidaito, amma idan layi na gangarowa daga siririyar tsirkiya zuwa mai kauri, jan yatsa ɗaya ya ratsa duka biyun ya fi fito da gajeren sauti a manne da dogon. James Jamerson na Motown da manuni kaɗai ya yi yawancin aikinsa. A rege kuwa shirun da ke tsakanin sautuka shi ne rabin layin, kuma sassauta yatsan hagu ba tare da ɗaga shi daga tsirkiya ba ne ke samar da shi.

Daga ganga zuwa bas

Manou Gallo, haifaffiyar Divo a 1972, da ganga ta fara tun tana yarinya. Ta shiga ƙungiyar Woya, ta koyi bas a hannun Marcellin Yacé, ta zauna a ƙungiyar Ki-Yi M’Bock ta Werewere Liking a Abidjan, kafin ta shiga ƙungiyar Zap Mama a 1997. Wanda ya saurari bugunta zai ji toshasshen sauti da dukan babban yatsa suna yin aikin da tafin hannu ke yi a kan fata. Wannan hanya, ganga tukuna sannan tsirkiya, ita ce maƙalar ke ganin ta fi cancanta a koyarwa: ɗalibi ya tafa layin a cinyarsa, ya rera shi da baki, ya gane inda dogon sauti yake, sannan ya zaɓi yatsun da za su kare wannan tsawon.

Kayan auna milisakan yanzu suna cikin kowace kwamfuta mai manhajar naɗar sauti. Muna kira ga masu nazarin kiɗa a Jami’ar Bayero ta Kano da Jami’ar Ahmadu Bello ta Zariya da su naɗi kalangu da kotso da gurmi, su auna rabon bugunsu kamar yadda aka auna jemben Bamako, su kuma tuntuɓi takwarorinsu na cibiyar koyar da fasaha ta INSAAC da ke Cocody domin a jera sakamakon da na ziglibithy da zouglou.