Tarihin Jiyyar Yara Ta Hanyar Wasa Da Aikin Hannu

Babban Mutum gari ne a ƙasar Daura, cikin yankin Baure, dab da iyakar Nijeriya da Nijar, a bakin hanyar da ta shiga Magarya. A wannan gari, kamar sauran garuruwan Hausa, ba a rasa gidan da ke da yaro wanda iyayensa suka kasa gane kansa. Wani da ya ji ƙarar injin niƙa sai ya toshe kunne ya yi ta ihu. Wani ba ya yarda a yi masa aski, ko a sa masa sabuwar riga. Wani kuwa ba ya iya zama wuri guda ko na ɗan lokaci kaɗan, kullum yana cikin juyi da tsalle, ya fāɗi ya ƙuje, amma ko a jikinsa. Wani ya shekara uku bai fara magana ba, hannunsa kuma ba ya riƙe ludayi sosai. Irin waɗannan yara akan ce taurin kai gare su, ko a ce iska ta taɓa su, wani ma a kira shi ɗan ruwa. Da yawansu sun sha dūka a kan abin da ba su da iko da shi. To, akwai wani fanni na aikin asibiti da aka kafa musamman domin taimakon irinsu, watau jiyya ta hanyar wasa da aikin hannu. Ga labarin yadda ya faro, da yadda ya iso ƙasar nan.

Tun kafin zuwan Turawa Hausawa suna da nasu tsari game da masu naƙasa. A manyan birane akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowanne yana kula da jama'arsa, yana yi musu sulhu, yana kai kukansu fada. Makafi sun yi suna wajen tufkar igiya, wannan kuwa ya nuna mutanen dā sun san sana'a tana riƙe mutuncin mai ita. Amma fa wannan tsari na waɗanda naƙasarsu ta fito fili ne. Yaron da gaɓoɓinsa suke cikakku, idonsa garau, kunnensa garau, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta sarrafa abin da suke kawo mata yadda ya kamata, shi ba shi da sarki. Sai dai a yi ta yi masa turare da rubutun sha, in abin ya ƙi a ɓoye shi cikin ɗaki saboda kunyar maƙwabta.

A ƙasashen Turai ma dā haka abin yake, har ya fi muni, don kuwa masu taɓin hankali a cikin mari ake ajiye su. Wajen ƙarshen ƙarni na 18 ne wani likitan Faransa, Philippe Pinel, ya tsaya a kan a cire musu sarƙa, a riƙa bi da su da lalama. A Ingila kuma wani attajiri, William Tuke, ya buɗe gidan jiyya a birnin York cikin 1796, inda majiyyata suke aikin lambu da ɗinki. Aka lura wanda hannunsa ke cikin aiki ya fi samun natsuwa bisa ga wanda aka kulle ba ya yin kome.

Game da yara kuwa, labarin ya faro ne daga daji. Cikin 1800 aka kama wani yaro a lardin Aveyron na ƙasar Faransa, mai kimanin shekara goma sha biyu, tsirara, ba ya magana. Aka kai shi birnin Paris, manyan likitoci suka duba shi suka ce ba zai taɓa koyon kome ba. Wani saurayin likita, Jean Itard, ya ce a ba shi shi. Ya raɗa masa suna Victor. Abin da ya fara ba Itard mamaki shi ne, yaron bai damu da sanyi ko zafi ba, in an harba bindiga kusa da shi da ƙyar ya waiwaya, amma in an fasa ƙwallon 'ya'yan itacen da yake so, nan da nan sai ya juyo. Ashe kunnensa lafiya lau, zaɓen abin da za a saurara ne ya sha bamban da na sauran mutane. Itard ya shekara biyar yana horar da shi, da wankan ruwan ɗumi, da murza jiki, da wasanni na taɓawa da saurare. Victor ya koyi sa tufafi da cin abinci cikin mutane da gane waɗansu kalmomi a rubuce, amma har ya mutu cikin 1828 bai iya magana sosai ba. Itard ya ga kamar ya gaza. Duk da haka aikinsa ya tabbatar da cewa ji da gani da taɓawa abubuwa ne da ake iya horarwa.

Almajirinsa, Edouard Seguin, ya ɗora daga nan. Ya buɗe makaranta a Paris domin yara masu jinkirin fahimta, ya wallafa littafi a kan hanyarsa cikin 1846, daga baya ya ƙaura Amurka. Koyarwarsa ita ce a fara da jiki kafin a kai ga allo: yaro ya iya tsayuwa da tafiya da riƙo, sa'an nan a sa masa alƙalami a hannu. Wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta karanta littattafan waɗannan mutum biyu, ta buɗe gidan yara a birnin Rum cikin 1907, ta nuna hanyar tana da amfani ga kowane yaro, ba sai mai larura kaɗai ba.

Shi wannan aiki bai zama sana'a mai suna da ƙungiya ba sai cikin watan Maris na 1917, sa'ad da mutum shida suka taru a garin Clifton Springs na Jihar New York. A cikinsu akwai likitan ƙwaƙwalwa William Dunton, da wata mata Eleanor Slagle, da George Barton, mai zanen gine-gine wanda shi kansa ya sha fama da tarin fuka, ya ga yadda aikin hannu ya farfaɗo da shi. Lokacin kuwa ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, sojoji suna komowa gida da hannaye da ƙafafu a lalace. Aka ɗauki mata aka koya musu yadda za su yi amfani da saƙa da sassaƙa da dukanci su mai da wa sojan nan ƙarfin yatsunsa. Cikin 1952 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya baki ɗaya.

Wadda ta fi kowa juyo da sana'ar wajen yara masu irin halin da aka ambata da farko ita ce Jean Ayres, 'yar Amurka, wadda aka haifa cikin 1920, ta rasu cikin 1988. Ta yi koyarwa da bincike a Jihar Kalifoniya, ta fitar da babban littafinta cikin 1972. Bayaninta shi ne, ban da gani da ji da shaƙa da ɗanɗano da taɓawa, jiki yana da waɗansu 'yan aike biyu da mutane ba su cika lura da su ba. Na farko yana can cikin kunne, inda akwai 'yan ƙananan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa. In kai ya motsa sai ruwan ya motsa, ta haka ƙwaƙwalwa take sanin mutum yana tsaye ne ko yana shirin fāɗuwa. Shi ne dalilin jiri bayan an yi juyi. Na biyu yana cikin tsoka da gaɓoɓi, shi ke sa mutum ya kai loma baki cikin duhu ba kuskure. Ƙwaƙwalwa tana kama da magatakarda wanda takardu ke zubo masa daga ko'ina, aikinsa ya ware mai muhimmanci ya ajiye saura. In warewar nan ta sami tangarɗa, sai ƙaramar ƙara ta zama wa yaro kamar aradu, ɗinkin riga ya zama kamar ƙaya. Wani kuwa saƙon ne ba ya isa gare shi sosai, saboda haka yake ta tsalle da karo da bango yana nemansa. Yaron da ke cikin wannan hali kullum zuciyarsa a dame take, daga nan fushi da kuka suke tasowa.

Maganin da ta tsara wasa ne, amma wasa mai awo. A ɗakin jiyyarta akwai lilo iri iri, da abin hawa, da katifu, da yashi. Mai jiyya yakan fara da auna yaro ya gane inda matsalar take, sa'an nan ya ba shi wasan da ya ɗan fi ƙarfinsa kaɗan, ba wanda zai firgita shi ba. In ya iya, a ƙara gaba. Ba a tilasta masa, domin abin da yaro ya nufa da kansa shi ya fi zama a jikinsa. Amma ya kamata mai karatu ya sani masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Cikin 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ja kunne, ta ce hujjojin da aka tara a kan wannan hanya ba su da yawa, kuma sau da yawa irin wannan hali alama ce ta wata larura dabam, kamar wadda yanzu ake kira galahanga. Saboda haka ta ce a fara kai yaro likita ya bincika shi sosai, in an shiga jiyya kuma a yanka lokaci a duba ko tana amfani.

A Nijeriya ta Arewa an fara da manya ne. Cikin shekarun 1930 Turawan mishan suka karɓi gidajen jiyyar kutare na larduna, har da na Babbar Ruga kusa da Katsina, inda majiyyata suke noma suna koyon sana'a. Cikin 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, ita ce ta farko a ƙasar nan. Cikin 1954 Likita Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda masu taɓin hankali suke sauka a ƙauyukan da ke kewaye tare da wani nasu, suna zuwa asibiti da rana, suna taɓa aikin da suka saba. Labarin wannan tsari ya kai ko'ina a duniya. Cikin 1959 aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano. Cikin 1988 gwamnatin tarayya ta yi dokar kafa hukumar da ke yi wa masu gashin ƙashi da masu jiyya ta hanyar aiki da masu gyaran magana rajista. Sa'an nan cikin Janairu na 2019 Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci.

Bukatar kuwa ba ƙarama ba ce, domin cututtukan da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro sun daɗe a wannan yanki. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, waɗansu da suka tashi kuma ta bar su da kurumta ko raunin gaɓoɓi. Cikin 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, ta lalata ƙwaƙwalwar waɗansu. Doguwar naƙuda da shawarar jarirai da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai duk suna barin irin wannan tabo. Shan inna dai an ci ƙarfinta, don cikin 2020 aka tabbatar asalin ƙwayarta ta ƙare a Afirka, wannan kuwa aikin allura ne. Amma ƙwararrun masu jiyya ta hanyar aiki har yanzu kaɗan ne ƙwarai, galibinsu kuma suna manyan birane. Mutumin Babban Mutum in yana neman ƙwararre sai ya nausa Katsina ko Kano, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana talaka komawa karo na biyu.

Sanin wannan wahala ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan taron Alma Ata na 1978, ta fito da shawarar a riƙa koya wa iyaye da ma'aikatan lafiya na ƙauye yadda za su yi jiyyar a gida, da kayan da ke hannunsu. A nan kuwa gidan Bahaushe ba matalauci ba ne. Goyo yana haɗa matsi da ɗumi da jijjiga, su ne kuwa abubuwan da ke kwantar da hankalin jariri. Kaka tana shafa mai tana miƙe gaɓoɓi bayan wanka. Akwai keken katako na koyon tafiya, da lilo a reshen bishiya, da langa mai koyar da tsayuwa da ƙafa ɗaya, da carafke mai haɗa ido da hannu, da gaɗa mai haɗa tafi da taku. Ɓarar gyaɗa da tsince wake suna gyara yatsu, daka da ɗaukar ɗan tulu suna ba tsoka nauyin da take bukata. Abin da ya rage shi ne a yi su da lura, a san wanda ya dace da wane yaro. Wanda lilo ke firgita shi a fara da zaunar da shi ƙafafunsa na taɓa ƙasa. Wanda hayaniyar kasuwa ke ruɗa shi a samar masa wuri shiru da zai koma in ta yi masa yawa.

Abin da wannan tarihi na shekaru fiye da 200 ya koyar bai wuce uku ba. Na ɗaya, jaririn da idonsa ya yi rawaya, ko ya yi jijjiga, ko ya wuce lokacin zama da rarrafe da magana, a kai shi asibiti da wuri, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, bulala ba ta gyara abin da ke cikin kunne da ƙwaƙwalwa, sai dai ta ƙara tsoro a kan tsoro. Na uku, kada a auna nasara da warkewa sarai. Victor bai yi magana ba, amma ya ci abinci da hannunsa cikin mutane. Yaron da ya koyi sa rigarsa, ya zauna cikin 'yan'uwansa a makarantar allo, ya girma ya riƙe igiyar akuya ko keken ɗinki, an fitar da shi daga ɗakin ɓoyo ke nan, an kuma tsare shi daga ƙoƙon bara. Allah ya raya zuriya, ya ba iyaye haƙuri, amin.