Komawa karatun jami'a daga nesa ga mai aiki da iyali

Mine ne karatu daga nesa?

Karatu daga nesa shi ne wanda ɗalibi yake yi ba tare da ya zauna aji gaban malami kullum ba. A da, ta gidan waya ake aiko darussa a rubuce. Haka jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu ta soma a shekarar 1946. Yau ta intanet ake yi. Ɗalibi yana karɓar darasi a salula ko kwamfuta, ya yi aikin da aka ba shi, ya aika wa malami ya gyara. Galibi jarabawar ƙarshe ce ke sa ya je wata cibiya da kansa.

Su wa ya dace da su?

Akwai jami'a a Yamai, kuma tun 2010 akwai a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Amma malamar lakwal da ke aiki a ƙauye, ko ma'aikacin gidan likita mai ƴaƴa biyar, ba za su iya barin albashi da gida su koma birni shekara 3 ba. Irin waɗannan ne karatu daga nesa ya fi yi wa amfani. Gemu ba ya hana ilimi: tsohon shugaban Najeriya Olusegun Obasanjo ya shiga jami'ar NOUN ta karatu daga nesa bayan ya sauka daga mulki, ya karɓi digirin dakta a 2018 yana da shekara 80.

Abin da ake bukata

Jami'a tana neman takardar bakaloriya. Wanda bai da ita yana iya hawa mataki-mataki: ya ƙware a karatu da rubutu, sannan ya yi jarabawar BEPC da ta bakaloriya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Yawancin darussan da faransanci ne ko ingilishi, saboda haka dole a ƙarfafa harshen tun kafin rajista. Ana kuma bukatar salula mai kyau, da wurin caji, da layin da ke kamawa.

Lokaci shi ne babban farashi

A nan ne mutane da yawa suke ruɗin kansu. Karatu daga nesa yana rage tafiya ne, ba ya rage aiki. A tsarin LMD da jami'o'in yankinmu ke bi, digirin farko, wato lisans, shekara 3 ne, kowace shekara zango 2. Kowane zango yana da awon aiki 30 da ake kira kiredi, kowane kiredi kuwa kamar awa 20 zuwa 25 ne na karatu. Ke nan zango ɗaya yana cin awa 600 ko fiye, kusan daidai da aikin ma'aikacin da ke fita kullum.

Uba ko uwa mai aiki ba su da wannan sarari. Wanda ya sami awa 2 kullum, awa 14 gare shi a mako. Don haka, kafin ku biya ko dala, ku tambaya ko an yarda ɗalibi ya ɗauki rabin darussa, ko da karatun zai ƙara tsawo. Gara a ƙare a shekara 5 da a yar da shi a wata 5.

Shawara cikin gida

Karatun nan na gida duka ne. Ku zauna da maigida ko uwargida ku tsai da lokaci guda da ba ya canzawa, misali bayan sallar asuba ko bayan yara sun kwanta. Mace ta fi fuskantar matsi, don girki da reno suna jiran ta bayan ta taso daga aiki. In ba a raba mata aikin gida ba, karatun ba zai ɗore ba. Ku lissafa kuɗin rajista da na intanet da na mota zuwa wurin jarabawa, kada su taɓa kuɗin cefane ko na lakwal ɗin yara. Ku sanar da shugabanku na aiki ranakun jarabawa da wuri. Idan layi ya yi kyau, ku sauke darussa ku adana, don ranar da babu wuta ko layi.

A yi hattara da takardar banza

Ba duk makarantar da ke talla a intanet ce hukuma ta sani ba. Ku je ma'aikatar ilimi mai zurfi ku tambaya ko an yarda da digirinta. Ku duba kuma ko hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mai cibiya a Wagadugu, ta amince da shi. Makarantar da ta yi alkawarin digiri cikin ƴan watanni, ba jarabawa, kuɗinku kawai take so.