Ɓacewar Ungulu da Iyakar Juriyar Muhalli

Abin da masana ke kira juriyar muhalli shi ne ƙarfin da wani yanki yake da shi na ci gaba da gudanar da al'amuransa bayan ya rasa wani jinsin halitta, kuma wannan ƙarfi ya fi dogara a kan samun magajin da zai ɗauki aikin wanda ya ɓace, fiye da yawan jinsunan da suka rage. Ungulu ta isa misali. A garuruwan da ke kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, irin su Katabu da Mararrabar Jos, kamar sauran sassan Arewa, da wuya a yau a ga tsuntsuwar da a da ba a raba ta da kwata da juji, har Bahaushe ya ce ba ta jewar banza.

A shekarar 2015 hukumar IUCN, mai tattara jerin halittun da ke fuskantar barazana, ta sanya wannan ungulu ta gida cikin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma binciken da Darcy Ogada da abokan aikinta suka wallafa ya ɗora mafi yawan laifin raguwar ungulu a Afirka a kan guba, sai kuma cinikin sassan jikinta domin magani da tsibbu, kasuwar da Nijeriya ke gaba-gaba a cikinta.

Ana iya cewa hankaka da shirwa da karnuka sun cike gurbin, tunda mushe ba ya rasa mai ci. Sai dai wannan hujja ba ta da ƙwari, domin ruwan cikin ungulu yana da tsamin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ta haɗiya, alhali kare yakan kwaso su ya shigo da su cikin unguwa. A Kenya an gwada an ga mushen da ungulu ba ta sauka a kansa ba yakan ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare. A Indiya kuwa, inda maganin dabbobi na diclofenac ya hallaka fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu jinsunan ungulu kafin a haramta shi a 2006, karnukan titi sun ƙaru, ciwon haukan kare ya biyo baya.

Farfaɗowa ma ba ta zuwa da sauri, saboda ungulu ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, a kan dogayen itatuwa irin su rimi da tsamiya da kuka, waɗanda masu gawayi da masu yanka filaye ke ta sarewa a kewayen Kaduna.